Ladan Buhu Ko Albashin Wata: Wanne Ke Zaunar Da Ma'aikaci A Sito?

Mai sito a Kano, ko a Dawanau ko Singa ko Sharaɗa, zai iya faɗa maka buhu nawa ya shiga sitonsa jiya, nawa ya fita, ba tare da ya duba littafi ba. Amma ka tambaye shi cikin waɗanda suka yi masa lodi a kakar bara mutum nawa ne suke nan bana, sai ka ga ya tsaya tunani. Tafiyar ma'aikata asara ce da ba a rubuta ta da sunanta. A wasu wurare take ɓullowa: buhun da ya fashe saboda sabon hannu bai iya tari ba, tirelar da ta kwana a bakin sito direba na ta faɗa, waken da aka jera jikin bango ya sha danshi, da lissafin da bai cika ba a ƙarshen wata alhali ba ka san wa za ka tambaya ba, domin fuskokin duk sababbi ne.

Ra'ayina shi ne tsarin biyan lada ya fi yawan ladan tasiri wajen zaunar da mutum, kuma mafi yawan masu sito ba su zaɓi tsarin da suke kai ba, gadonsa suka yi daga kasuwa. Hanyoyin da ake bi a wurarenmu sanannu ne: a biya kan kowane buhu, a sa mutum albashin wata, a ɗora nauyin a kan ɗan kwangila ya kawo leburori, ko a haɗa ladan buhu da wani abu tsayayye. Kowacce tana da irin mutumin da take riƙewa da irin wanda take kora.

Kafin a shiga kwatanci, sai an raba tafiya gida biyu, don masu sito da yawa suna haɗa su. Rabin 'yan dakon da ke kasuwannin Kano ko fiye, a ganin ido, manoma ne da suka zo cin rani daga ƙauyukan Jigawa, Katsina, Kano, wasu daga Maraɗi da Damagaram. Da ruwa ya faɗi a watan Yuni za su koma gona, ko nawa ka ba su. Wannan ba gudu ba ne, kuma wanda ya yi fushi da shi ya ɓata ransa a banza. Abin dubawa shi ne idan kaka ta yi, wurinka suke dawowa ko sito na gaba da kai? Tafiyar da ya kamata ta tayar maka da hankali ita ce ta wanda ya bar ka a tsakiyar Disamba, lokacin da aiki ya fi yawa, ya koma layi na biyu yana ɗaukar irin buhun da yake ɗauka a wurinka. Wannan ba aikin ya ƙi ba. Kai ya ƙi, ko wanda ka ɗora a kansa.

Ladan buhu shi ne tsarin da kasuwa ta saba da shi, kuma ba a banza ya daɗe ba. Tirela mai ɗaukar tan 30 tana cin buhu 300 na kilo 100, ko 600 na kilo 50 irin na siminti da taki da shinkafa. An yi ciniki da shugaban 'yan dako, ya tara yaransa, sun sauke ko sun yi lodi, an biya, an rabu. Ranar da babu mota ba ka bin kowa bashi, ba wanda ke bin ka. Ga ɗan dako ma akwai daɗi: yana ganin kuɗinsa a hannu kafin magariba, mai ƙarfi yana cin ƙarfinsa, kuma a kaka matashi mai lafiya kan samu a sati abin da zai ba mai albashi mamaki. A ɗauki misali don lissafi kawai, kowa ya sa farashin kasuwarsa: idan buhu naira 200 ne, tirela ɗaya naira 60,000 ke nan, a raba wa mutum 8, kowa ya tashi da 7,500 kafin a cire kason shugaba. Mota biyu ko uku a rana, ka ga inda lissafin ya nufa.

Matsalar ita ce wannan tsari ba ya ƙulla komai tsakaninka da mutumin. Amanarsa tana wurin shugabansu, shugaban kuma yana bin inda mota ta tsaya. Ranar da maƙwabcinka ya ƙara naira 20 a kan buhu, ko motocinsa suka fi naka yawa, da safe za ka tarar da bakin sitonka fayau. Ba za ka ce sun ci amana ba, domin ba ka taɓa yi musu alkawarin gobe ba.

Akwai kuma ɓarnar da ladan buhu ke jawowa a cikin sito, wadda ba a cika danganta ta da shi ba. Mutumin da ake biya kan adadi, sauri ne kawai ke kawo masa kuɗi. Ba zai tsaya gyara tarin da ya karkace ba, ba zai shimfiɗa katako a ƙasa kafin ya jera ba, ba zai bar tazara tsakanin buhu da bango ba, ba zai ware buhun da ya ga alamar ƙwari a jikinsa ba, domin duk waɗannan ba wanda ke biyan su. Shara, ɗinkin buhun da ya yage, juya tsohon kaya gaba don ya riga fita, duk sai ka sake ciniki a kansu ko su zauna ba a yi ba. Sannan zaman jira. Mota ta ce za ta iso da hantsi ba ta iso ba sai la'asar, mutum takwas sun wuni a gindin bishiya ba ko sisi, sun ci abinci da kuɗin jiya. Irin wannan wunin idan ya maimaitu sau uku a sati, shi ke sa matashi ya fara tambayar yadda ake samun Adaidaita Sahu na haya, ko ya bi abokansa wurin haƙar zinare.

Abin da ya fi damuna a wannan tsari shi ne jiki. Hukumar Ƙwadago ta Duniya tun 1967 ta ba da shawarar kada nauyin da namiji baligi zai riƙa ɗauka shi kaɗai ya wuce kilo 55. Buhun hatsinmu kilo 100 ne, wani ma ya fi idan an yi masa ƙari a baki, kuma ana hawa katako da shi zuwa saman mota. Ladan buhu yana tura mutum ya ɗauki na 40 bayan bayansa ya gaya masa ya tsaya a na 30. Shi ya sa da wuya ka ga ɗan dako ya tsufa a dako. Wanda ya fi kowa iya tari, wanda ya san kayanka da ido, shi ne wanda ciwon baya ko gwiwa ko gwaiwa za ta fara zaunarwa, kuma ranar da ya kwanta kuɗinsa ya tsaya cak.

Albashin wata yana gyara da yawa daga cikin waɗannan. Mai albashi naka ne daga safe zuwa yamma, ko da mota ko babu. Kana iya sa shi shara, kana iya koya masa awo da rubutu a littafi, kana iya riƙe shi da alhakin wani ɓangare na sito. Shi ma ya san abin da zai shigo, zai iya kama ɗaki, ya shiga adashi, ya ɗauko iyalinsa daga ƙauye. Mutumin da ya kawo matarsa gari ya sa yara a makaranta, ba ƙaramin abu ke tayar da shi ba.

Amma sai ka shiga da idonka a buɗe. Tun watan Yulin 2024 mafi ƙarancin albashi a Nijeriya naira 70,000 ne, bayan 30,000 da aka tsayar a 2019, gwamnatin Kano ma ta sa wa nata ma'aikatan 71,000. Dokar ta keɓe wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, da masu aikin da ake biya kan adadi ko kamasho, saboda haka ƙananan sito da yawa ba ta hau kansu ba. Duk da haka ma'aikacinka ya ji adadin a rediyo, da shi yake auna abin da kake ba shi. Idan ma'aikatanka sun kai 15, dokar fansho ta 2014 ta ɗora maka kashi 10 cikin 100, shi kuma a cire masa kashi 8. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 tana neman kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi a zuba wa asusun NSITF, hukumar da ke biyan diyyar raunin aiki. Wato mutumin da ka sa wa 70,000 zai iya tsaya maka kusan 78,000, kafin a zo ga hutun shekara, wanda dokar ƙwadago ta ce aƙalla kwana 6 ne na aiki bayan wata 12, da hutun rashin lafiya har kwana 12 da albashi. Mutum shida a haka sun haura naira 460,000 kowane wata, har da watannin damina da sito ke zama kamar kango.

Kuma albashin wata yana da raunin da shekarun nan suka tona. Kuɗi ne tsayayye a kasuwar da ba ta tsaya ba. Kafin 29 ga Mayun 2023 litar fetur ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati. Zuwa ƙarshen 2024 ta haura 1,000. A tsakiyar 2024 hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce tsadar abinci ta tashi da kusan kashi 40 cikin 100 a shekara guda. Ladan buhu ana sake cinikinsa duk lokacin da kaya suka tashi, domin 'yan dako na iya ajiye aiki mota na tsaye. Mai albashi kuwa sai ya jira maigida ya tuna. Ma'aikacin da ke fitowa daga Kurna ko Rijiyar Lemo zuwa Dawanau, ko daga Hotoro zuwa Challawa, ya ga kuɗin mota ya cinye wani babban yanki na albashinsa ba tare da an taɓa masa komai ba. Ɗan Nijar kuma nasa lissafin da sefa yake yi: faɗuwar naira tun daga Yunin 2023 ta rage darajar abin da yake aikawa gida, ko da adadin nairar bai canza ba.

Sai kuma abin da ke faruwa a kaka. Ka sa wa ƙaƙƙarfan matashi albashi, ya ga abokinsa mai ladan buhu yana tashi da ninkin nasa a sati ɗaya alhali buhu ɗaya suke ɗauka. Ko dai ya ajiye ya koma dako, ko ya rage hannu ya riƙa jan ƙafa. A damina kuma raggon cikinsu ne zai fi manne maka. Don haka albashi zalla ga mai ɗaukar kaya yana iya riƙe maka wanda ba ka so, ya saki wanda kake so. Inda albashin wata ba shi da abokin takara shi ne kujerun amana da ƙwarewa: sitokifa, mai sikeli, maigadi, mai tuƙa motar ɗaga kaya idan kana da ita, da wanda ke sa wa hatsi maganin ƙwari. Waɗannan duk wanda ya biya su kan adadi ya buɗe ƙofar ha'inci da hannunsa. Mai sikelin da ladansa ya dogara da yawan buhun da ya wuce ba zai tsaya tantance awo ba.

Na ɗan kwangila ba zan daɗe a kansa ba. Manyan masana'antu da kamfanonin rarraba kaya sun fi bin wannan hanya: a biya wani kamfani dunƙule, shi ya kawo leburori, shi ya biya su. Yana sauke maka ciwon kai na takardu, kuma idan mutum goma suka tafi yau gobe za a kawo wasu goma. Amma lura da abin da ka saya: cike gurbi ka saya, ba zaman ma'aikaci ba. Ribar ɗan kwangila tana cikin ratar da ke tsakanin abin da ka ba shi da abin da ya miƙa, saboda haka ba shi da wani dalili na damuwa da wanda ya daɗe. Tafiyar tana nan, kai ne kawai ka daina ganinta. Idan dole sai ka bi wannan hanya, ka nemi ganin lasisinsa na ma'aikatar ƙwadago, ka sa a rubuta a yarjejeniya nawa ne zai isa hannun lebura da ranar da zai isa, kuma ka riƙa tambayar leburorin da bakinka. Idan ya riƙe musu kuɗi, sunan sitonka za su kira a gari, ba nasa ba.

Wani zai ce duk wannan dogon zance ne, a ƙara kuɗi kawai kowa zai zauna. Akwai gaskiya a ciki, kuma tarihi ya nuna. A 1913 kamfanin motoci na Ford a Amurka sai da ya ɗauki mutum sama da 50,000 cikin shekara guda don kawai ya cike gurabe wajen 14,000. A Janairun 1914 Henry Ford ya ninka lada zuwa dala 5 a rana, ya rage awoyin aiki daga 9 zuwa 8, tafiyar ma'aikata ta faɗi warwas. Amma a duba ɗaya gefen. Kamfanin Amazon, wanda ke da manyan sito a Amurka, ya ɗaga mafi ƙarancin ladansa zuwa dala 15 a awa a 2018, sama da ninki biyu na abin da dokar tarayyar ƙasar ta tsayar. Duk da haka binciken jaridar New York Times a 2021 ya nuna yana rasa kusan kashi 3 cikin 100 na masu aikin awa a kowane sati, wato wajen kashi 150 a shekara. Gudun aikin da na'ura ke ƙirga wa mutum da gajiyar jiki sun rinjayi ƙarin kuɗin. Abin da nake ɗauka daga nan shi ne Ford ya taɓa abu biyu, kuɗi da wahala, kuma mai siton da ya taɓa ɗaya kaɗai zai biya tsada ya samu rabin biyan buƙata.

Tsarin da nake ba da shawara ga mafi yawan masu siton hatsi da kayan masarufi shi ne na ciko. Ka zaɓi 'yan mutane, kamar biyar ko shida, waɗanda ka gwada hannunsu da halinsu. Su ci gaba da karɓar ladan buhu kamar kowa, kada ka taɓa musu shi. Amma ka yi musu alkawarin wani adadi a sati wanda ba za su gaza shi ba: idan buhu ya kawo musu fiye, nasu ne, idan bai kai ba, kai za ka cika. A madadin haka, su zo kullum, kuma ranar da babu mota su yi aikin sito, wato shara, gyaran tari, ɗinki, duba ƙwari da yoyon rufi. Idan kaka ta yi motoci suka yi yawa, sai ka ƙara da 'yan dakon kasuwa kan ladan buhu zalla, su yi aiki ƙarƙashin idon mutanenka.

A sake ɗaukar misali. Ka ce kowa ba zai gaza naira 15,000 a sati ba. A satin da buhu ya kawo wa kowa 9,000, cikonka 6,000 ne sau shida, naira 36,000. Ko da irin wannan satin ya kai 15 a shekara, naira 540,000 ke nan, kusan abin da albashin wata zalla zai ci maka a wata ɗaya da 'yan kwanaki. Ka kwatanta wannan da kuɗin buhunan riɗi ko wake nawa ne a farashin yau, sannan ka tuna buhu nawa ka zubar bara saboda danshi da ƙwari da fashewa. A ganina sito mai matsakaicin girma zai ga cikon ya biya kansa.

Tsarin yana da nasa haɗari, kuma gara a faɗe shi. Yana buƙatar littafi mai gaskiya, domin kowane sati sai an san abin da kowa ya samu kafin a san ciko. Idan sitokifanka ba mai amana ba ne, a nan za a riƙa yankarka. Yana iya haddasa hassada tsakanin 'yan ciki da 'yan waje, musamman idan 'yan ciki suka fara zaɓar mota mai sauƙi suna bar wa baƙi mai wuya. Yana kuma iya ɓata maka da shugaban 'yan dako, wanda zai ga kamar ka zare masa yara. Kada ka zagaye shi. Ka zauna da shi tun farko, ka bar masa kasonsa a kan aikin kaka, in ya yiwu shi ma ka sa shi cikin masu ciko. Faɗa da shugaban 'yan dako a tsakiyar kaka ba riba a cikinsa.

Ko wane tsari ka ɗauka, akwai abubuwan da in ka sake su za su rushe shi. Na farkonsu ranar biya. Hadisin da Ibn Majah ya ruwaito na a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe kowa ya haddace shi, amma "ka dawo gobe" ta zama ruwan dare a bakin sito. Ɗan dako ba shi da ajiya. Jinkirin kwana biyu yana nufin bashi wurin mai shayi da mai abinci. Lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023 an ga bambanci ƙarara tsakanin masu siton da suka sha wahala suka nemo wa yaransu tsabar kuɗi da waɗanda suka ce kowa ya yi ta kansa. Leburori ba sa manta irin wannan. Ka tsayar da rana, ka tsayar da lokaci, kuma idan ta waya za ka tura, ka ɗauki nauyin kuɗin cirewa wurin mai POS.

Sai yankan lada. Buhu ya ɓace, an rasa wanda ya ɗauka, sai a raba asarar a kan kowa. Ba abin da ke korar mutumin kirki kamar wannan, domin ɓarawon ya riga ya ci ribarsa, mai gaskiya ne kaɗai ya yi asara. Dokar ƙwadago ma ba ta yarda a ci ma'aikaci tara daga ladansa ba, kuma cire diyyar ɓarna sai da rubutaccen izinin jami'in ƙwadago. Gyaran ƙofa da ƙirga kaya a gaban shaida sun fi yankan lada maganin sata.

Rauni kuwa shi ne ranar jarrabawar mai sito. Buhu ya faɗo wa yaro a ƙafa, ko ya zame daga kan katako. Duk sauran suna kallon abin da za ka yi, kuma abin da suka gani a ranar shi zai yanke musu shawarar zama ko tafiya fiye da duk wani ƙarin lada. Masu sito da yawa suna zaton tunda ladan buhu suke biya ba ruwansu, alhali dokar diyya ta 2010 ta haɗa har da mai aikin wucin gadi da wanda aka ɗauka da baki ba takarda. Ka kai shi asibiti da kanka, ka ci gaba da ba shi wani abu har ya tashi. Ga 'yan cikinka, ka bincika tsarin inshorar lafiya na jiharka. A Kano akwai hukumar KSCHMA. Kuma idan kana da iko a kan yadda ake zuba kayanka, ka koma buhun kilo 50. Za ka ƙara kashe kuɗin buhu da ɗinki, amma mutanenka za su ƙara shekaru a bakin aiki, kuma za ka iya riƙe dattijon da ya san aiki wanda kilo 100 ya fi ƙarfinsa.

Zafi da azumi ma suna cikin lissafi. A Afrilu da Mayu zafin Kano yana haura digiri 40, cikin sito mai rufin kwano ya fi haka. Mayar da lodi mai nauyi zuwa sassafe da bayan la'asar, randar ruwa mai sanyi, inuwa ta zama, wurin alwala da bayan gida mai tsafta, duk ba su kai kuɗin buhu ɗaya na riɗi a wata ba. A sitocin da mata ke tsintar zoɓo da gyaran riɗi abin ya fi muhimmanci: rashin bayan gida na mata daban, ƙura ba abin rufe hanci, da mai awon da ke yi musu magana yadda ya ga dama, su ne ke sa ƙwararriyar mai tsinta ta ɗauke ƙawayenta gaba ɗaya su koma wani wuri. Mata a irin wannan aiki a ƙungiya suke zuwa, a ƙungiya suke tafiya.

Wannan ya kawo mu kan wanda ka ɗora a kansu. Kai kana ofis ko kana kasuwa, wanda lebura ke gani kullum shi ne yaronka mai kula da sito, sau da yawa ɗan'uwanka ne ko ɗan abokinka. Idan mai zagi ne, ko mai fifita 'yan garinsu wajen rabon mota, ko mai karɓar na goro kafin ya sa mutum a layi, to duk abin da ka tsara ya tashi a banza, kuma ba wanda zai gaya maka saboda sun san dangantakarku. Idan ka ga mutum uku sun tafi daga hannun mutum ɗaya cikin ɗan lokaci, ka nemi ɗaya daga cikinsu a waje, ba a gaban kowa ba, ka ji ta bakinsa.

Akwai kuma abu guda da kasuwar Hausa ta mallaka tun kafin a san fansho, wato sallama. Yaro ya yi wa maigida hidima shekaru, maigida ya ba shi jari ya tsaya da ƙafarsa. A Kantin Kwari da Singa manyan 'yan kasuwa da yawa ta haka suka tashi. Amma an saba yin ta ga yaron shago, ba a cika tuna ɗan dako ba. Ba sai ka ba kowa jari ba. Ya isa a ce a sitonka an taɓa ganin mai ɗaukar buhu ya zama mai ɗinki, mai ɗinki ya zama mai sikeli, mai sikeli ya zama sitokifa, ko an saya wa wanda ya daɗe kura ko baro ya zama nasa. Matashi ya san ƙarfinsa ba zai dawwama ba. Idan ya ga inda hanya ta bi da na gabansa, zai jure abin da ba zai jure ba a wurin da kowa ke ƙarewa inda ya fara.

To wanne za ka ɗauka? Idan sitonka na kaka ne zalla, kana tara hatsi wata uku ko huɗu ka rufe, ladan buhu ya ishe ka, sai dai ka sa maigadi da mai kula a albashi, kuma ka riƙe shugaba ɗaya da kyautatawa don ya dawo maka da mutanen da suka san wurin. Idan kayanka na shiga da fita duk shekara, kamar shinkafa, sukari, taliya, siminti ko magani, kuma aikin yau bai bambanta da na gobe sosai ba, albashin wata tare da ɗan ƙari kan kowace mota ya fi dacewa, da sharaɗin za ka riƙa duba shi aƙalla sau biyu a shekara, ka kuma ware kuɗin mota daban don ka iya ɗaga shi idan fetur ya tashi. Idan kuwa kana tsakiya, kaka cunkoso damina shiru amma ba a rufe ba, kamar yawancin masu riɗi da zoɓo da wake da waken suya, tsarin ciko ne naka.

Lokacin ƙulla wannan magana shi ne watan Mayu, kafin ruwa ya zauna. Ka kira waɗanda kake so su dawo ɗaya bayan ɗaya, ka gaya wa kowa abin da zai samu da ranar da kake jiransa, a rubuta a takarda ko da layi biyar ne. Dokar ƙwadago ma ta ce a ba ma'aikaci rubutaccen bayanin sharuɗɗan aikinsa cikin wata uku da fara aiki. Wanda zai tafi gona, in da hali ka ba shi rancen buhun taki ko kuɗin iri ba tare da ruwa ba, a riƙa cirewa kaɗan-kaɗan idan ya dawo, kuma ka karɓi lambar wayarsa da ta wani nasa a ƙauye. Waɗanda za su zauna, ka fara musu ciko tun satin farko da motoci suka ragu, kada ka jira sai sun zo sun roƙa.